Yadda uwa mai allurar insulin za ta yi jinyar kanta bayan tiyatar gyaran ciki

Haihuwa huɗu na yi, biyu daga ciki da tiyata, kuma shekara 11 ke nan ina yi wa kaina allurar insulin saboda ciwon suga. Bayan na yaye autana sai cikina ya ƙi komawa. Naman tsakiya ya rabu har yatsuna uku suna shiga tsakani, cibiya ta bullo, fatar ƙasa ta zubo ta rufe tsohon ɗinki, lokacin zafi kuwa ƙarƙashinta ba ya rabuwa da ƙuraje da ƙaiƙayi. Likita ya duba ya ce za a iya ɗinke naman, a gyara cibiyar, a rage fatar, duk a aiki guda. An yi aikin a nan Kano kuma na warke, alhamdu lillahi, sai dai makonni shidan da suka biyo baya sun koya mini abubuwan da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. Su nake so in jera miki, 'yar'uwa, tun daga shiri har ranar da za ki sake ɗaukar ɗanki.

Ki fara riƙe wannan: zaren likita yana kusanto da fata ne kawai, jininki ne zai haɗe ta. A aikin gyaran ciki ana ɗaga fata mai faɗi daga kan nama, a yanke mata hanyoyin jini da yawa, sannan a ja ta ƙasa a ɗinke. Waɗanda suka rage su za su ciyar da bakin ciwon. Idan suga ya yi yawa a jini, ƙwayoyin da ke yaƙar cuta suna yin sanyi, sabon nama yana jinkirin fitowa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun abin da suke so. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga lambar da mitarki ta awon suga ke nuna miki.

Mataki na farko: jinya tana farawa kafin ranar aiki

Ki je wajen likitanki na suga kafin ki ba likitan tiyata amsa. Zai sa a yi miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugarki na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Likitoci da yawa ba sa yin aikin da ba na gaggawa ba idan ya haura 8 ko 8.5 cikin ɗari, masu aikin gyaran jiki kuwa sukan so ya fi haka sauka. Idan aka ce ki dakata wata uku ki gyara, ki dakata. Likitan da ya ce zai yi miki aiki bai tambayi wannan gwaji ba, bai duba ƙodarki da hawan jininki ba, ki ɗauki jakarki ki fita. Ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma ƙwararre ne a wannan fanni, wurin kuma yana da likitan sa barci na gaskiya da nas da za ta kwana tana auna ki. Muna da manyan asibitoci a garin nan, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, inda ake samun likitocin gyaran fata da ƙuna, ba sai kin bi tallan Instagram ba.

Ki faɗa wa likita duk abin da kike sha da wanda kike shafawa, kada kunya ta hana ki. Man bilicin da yawa akwai sinadarin sitiroyid a ciki, yana sirantar da fata, yana hana ciwo haɗewa, yana kuma ɗaga suga. Haka ƙwayoyin ƙiba irin su deksa da ake kira sha ka fashe. Ki ambace su tun da wuri, kuma kada ki yanke su rana ɗaya da kanki idan kin daɗe a kansu, likita ne zai tsara yadda za a janye. Shisha da sigari suna matse jijiyoyin jini, dole a bar su makonni kafin aiki da bayansa. Ƙwayar tazarar haihuwa, da jiƙe-jiƙen gargajiya, da duk wata ƙwayar suga da kike haɗawa da insulin, su ma a rubuta su, domin akwai waɗanda ake dakatarwa kwanaki kafin tiyata.

Sai zaɓen lokaci. Ki bari ki yaye, kuma ya fi kyau a ce kin gama haihuwa, don sabon ciki yana iya buɗe abin da aka ɗinke. Ki kauce wa bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ga rigar matsi a jiki dare da rana, ga insulin da zafi ke lalatawa. Ni a hunturu aka yi mini. Kada kuma ki sa ranar aiki gab da azumi.

Mataki na biyu: ki samu mutum ɗaya da ya san gaskiya

A nan na fi son in tsaya, don a nan muke cutar da kanmu. Na san yadda garinmu yake. Mace tana tsoron a ce ta je canja halitta, tana tsoron bakin dangin miji, ko na abokiyar zama, ko na 'yan unguwa, sai ta ɓoye ta ce tafiya ta yi, ta dawo ta rufe ɗaki. Wadda ba ta da suga tana iya yin haka ta sha da ƙyar. Ke da ke kan insulin, rufe ɗaki yana iya zama ajalinki, domin sugarki na iya faɗuwa cikin dare kina cikin mayen maganin ciwo, ba wanda ya sani.

Ba sai duniya ta ji ba. Ga sauran mutane, "an yi mini aiki a ciki" ya wadatar, kuma gaskiya ce. Amma maigida da mace guda babba, yayarki ko ƙanwarki ko mahaifiyarki, dole su san ainihin aikin da aka yi, su san sunan insulin ɗinki da lokutansa. Wannan macen ta kwana ɗaki ɗaya da ke aƙalla kwana goma na farko. Tun kafin aiki ki koya mata huda yatsa da karanta mita, ta gwada a kanki sau biyu sau uku har hannunta ya daina rawa. Ƙanwata ce ta yi mini. Ranar da na fara nuna mata ta ce, "Yaya, ni fa ina tsoron jini." Kwana huɗu bayan aiki ita ce ta tashe ni ƙarfe uku na dare don ta ga gumi ya jiƙa mini wuya, ta auna ta ga 3.1, suga ya faɗi, ta dama mini sukari na sha.

Mataki na uku: kwanakin asibiti

Kada hankalinki ya tashi idan kika ga suga ya hau a kwana biyu ukun farko ko da ba ki ci komai ba. Jiki yana ɗaukar tiyata a matsayin rauni, sai ya saki sinadaran da ke sa hanta ta zubo suga cikin jini. Ban da haka, akan yi wa mutum allurar deksa a ɗakin tiyata don hana amai, ita ma tana ɗaga suga na kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya dace shi ne a riƙa auna ki akai-akai, a ƙara insulin bisa tsarin likita.

Kuskuren da ke kashe mutane shi ne cewa tunda ba ta ci abinci ba, a bar allurar. Insulin mai dogon aiki, irin su Lantus, ba don abinci ake yin ta ba, ita ce ke riƙe jiki tsakanin abinci da cikin dare. Likita na iya rage ta, amma ba a tsayar da ita, musamman ga mai nau'in suga na ɗaya. Wadda ake yi lokacin cin abinci, irin su Actrapid ko NovoRapid, ita ce ke bin yawan abin da kika ci. Idan kuwa gaurayayya kike yi, kamar Mixtard da yawancinmu ke amfani da ita safe da yamma, ki yi magana da likita musamman, don ita tana buƙatar ki ci abinci a kan lokaci, bayan tiyata kuma baki ba ya karɓa. Wani likitan zai canja miki zuwa kala biyu daban na ɗan lokaci.

Kafin a sallame ki, kada ki fita sai da takarda a hannu mai ɗauke da waɗannan: yawan insulin da za ki yi da lokutansa, abin da za ki ƙara idan lamba ta haura kaza, abin da za ki rage idan ba ki iya cin abinci ba, sunayen magungunan da aka ba ki, ranar dawowa, da lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare ne. Idan a waje aka yi miki aikin, Masar ko Turkiyya ko Legas, wannan takarda ta ƙara zama dole, kuma tun kafin ki tafi ki samu likita a Kano da ya yarda zai ci gaba da duba ki. Kada ki hau jirgi sai wanda ya yi aikin ya ba ki izini, don dogon zama bayan tiyata yana jawo daskarewar jini a ƙafa.

Mataki na huɗu: awo da littafi

Ki sayi sitirif na mita ninki biyu na abin da kika saba, da sitirif na fitsari na gwajin kiton, wato sinadarin da ke taruwa a jini idan insulin ta yi ƙaranci. A makonni biyun farko ki auna kafin kowane abinci, da kafin barci, da sau ɗaya tsakar dare, da duk lokacin da kika ji jikinki ya canja. Abin da aka fi nema bayan tiyata shi ne lamba ta zauna tsakanin 6 da 10. Idan mitarki mai manyan lambobi ce, tsakanin 108 da 180 ke nan, don ana ninka ƙaramar lamba sau 18 a samu babbar. Likitanki na iya ba ki nasa ma'aunin, nasa za ki bi. Ki wanke hannu kafin huda, saboda ɗanɗanon dabino ko lemo a yatsa yana sa mita ta yi ƙarya.

Ki ware ƙaramin littafi, kowace rana shafi guda: lokaci, lamba, insulin da aka yi, abin da aka ci, zafin jiki safe da yamma, da yawan ruwan da ya taru a robar da ke zuƙo ruwan ciwo. Da wannan littafi likita ke gane abin da ke faruwa cikin minti biyu.

Idan lamba ta sauka ƙasa da 4, wato kamar 70, ko kika ji rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani ko duhun gani, ki sha sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ki jira minti 15 ki sake aunawa. Idan ba ta hau ba ki maimaita. Idan ta hau ki bi da abin da zai riƙe ki, kamar yankan burodi. Ki sani magungunan ciwo masu ƙarfi suna sa barci, sai alamun su ɓuya, shi ya sa awon dare ba abin wasa ba ne. Ki gaya wa mai jinyarki: idan ta same ki ba kya amsawa, kada ta ɗura miki komai a baki, ta kwantar da ke ta gefe, a nufi asibiti nan take a ce mai insulin ce.

Idan kuma lamba ta haura 14, wato kamar 250, ta ƙi sauka bayan awo biyu, ko kina amai, ki gwada kiton a fitsari ki kira likita.

Game da ajiyar insulin: wadda ba a buɗe ba tana zama a firji, ba a wajen ƙanƙara ba, idan ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe takan yi kamar wata guda matuƙar ba ta sha zafi ba. Idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, ki sa ta a roba mai murfi ki nutsa cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa. Idan lambobi suka hau ba dalili, daga cikin abin da za ki fara zargi har da ita.

Mataki na biyar: ki bar ciki ya huta da allura

Yawancinmu a ciki muke yin allura don nan ya fi sauƙi. Bayan wannan aiki ciki ya haramta gare ki har sai likita ya ce to. Fatar ta kumbura, ta mutu ba kya jin ta, jini bai dawo daidai ba, insulin ba za ta shiga jiki yadda aka sani ba, ga haɗarin shigar da cuta kusa da ciwo. Ki koma gaban cinya da gefenta, ko saman ɗuwawu, ko bayan damtse idan wata ce za ta yi miki. Duk wurin da aka zuƙe kitse ko aka zuba kitse, shi ma a bar shi. Cinya ta fi ciki jinkirin tsotse insulin, don haka za ki iya ganin suga ya hau bayan abinci sannan ya sauko a makare. Ki rubuta a littafi, likita zai gyara lokacin allurar. Ki riƙa canja wuri, kada ki dage a tabo ɗaya.

Wasu ana sallamarsu da allurar hana daskarewar jini. Ki ajiye ta a wata jaka daban da ta insulin, ki sa wa kowace alama babba.

Mataki na shida: abinci da 'yan dubiya

Ciwo da abinci mai gina jiki yake haɗewa. Kowane cin abinci a samu ɗaya daga cikin ƙwai, kifi, kaza, nama, wake, alale, awara ko kindirmo marar sukari. Farfesun kaza ko na kifi yana shiga ko da baki ba daɗi. Ki yawaita ganye, zogale da rama da alayyafo, da miyar kuka ko kuɓewa. Tuwo ba a hana ki ba, amma malmala ƙarama, kuma gwargwado iri ɗaya kullum don lissafin insulin ya tafi daidai. Wannan ba lokacin rage ƙiba ba ne. Na ga masu cewa tunda an gyara ciki bari su daina ci don kada ya dawo, alhali yunwa tana hana ciwo warkewa, ga mai insulin kuma tana jawo faɗuwar suga.

Matsalar ita ce soyayyar mutane. Za a shigo da katan na Maltina, da lemo, da kunun gyaɗa mai sukari a fulas, da fura, da zuma wai tana warkar da ciki. Hajiyar maigidana, Allah ya saka mata da alheri, da kanta ta damo mini kunun kanwa kamar mai jego. Na karɓa da hannu biyu na ce, "Hajiya, na gode Allah ya ƙara girma, likita ne ya ɗaure ni, amma jikokinki za su sha." Ba ta ji haushi ba, washegari ma dafaffen ƙwai ta aiko. Ki karɓi komai da godiya, ki ajiye kwalba biyu a gefen gado don ranar faɗuwar suga, sauran a ba yara da baƙi. Abin ruwa mai zaƙi yana harba suga da sauri fiye da tuwo, don haka koko da kunu sai kaɗan, ba sukari, kuma tare da ƙosai ko ƙwai.

Ki sha ruwa sosai. Magungunan ciwo suna ɗaure ciki, yunƙuri a banɗaki kuma yana ja wa ɗinkin naman ciki, don haka ki roƙi likita maganin laushin bayan gida tun ranar farko. Kada ki aika kemis a haɗo miki maganin ciwo. Irin su diklofenak da ibuprofen suna iya taɓa ƙodar mai suga, sai wanda likita ya rubuta.

Maganar azumi kuwa, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame. Kada ki ɗauki na nafila ko na ramuwa cikin jinya, na Ramadan ma sai kin zauna da likitanki na suga.

Mataki na bakwai: ciwon kansa

Za ki iya fita da roba ɗaya ko biyu da ke zuƙo ruwa daga ƙarƙashin fata. Nas za ta nuna miki yadda ake juye ta. Ki auna abin da ya fito kullum, yawanci ana cire ta idan ya ragu zuwa kamar mililita 30 a yini. Wankin ciwo a bar wa ma'aikacin lafiya, a ranakun da aka sa. Kada a shafa zuma, man kaɗanya, man zafi, toka ko wani garin magani, komai yawan masu ba da shaida.

Kullum da safe a buɗe rigar matsi, mai jinyarki ta duba da fitila, ta ɗauki hoto da waya don a kwatanta da na jiya. Ta fi mai da hankali kan tsakiyar ɗinkin, saman mara, da kewayen cibiya, don nan ne jini ya fi wahalar kaiwa, nan kuma ciwo ya fi buɗewa. Rigar takan zauna mako huɗu zuwa shida. Ta kama jiki amma yatsu biyu su iya shiga, kada ta naɗe ta yi igiya a kan fata. Ki mallaki biyu don wanki. Kada ki musanya ta da ɗaurin zani irin na masu jego ko bel ɗin matse ƙugu na kasuwa, matsi mai yawa yana toshe ɗan jinin da fatar ke samu.

Ga abin da nake roƙonki da babbar murya: babu ruwan zafi a cikin nan. Mun taso da cewa duk ciwon ciki na mace gashi ne maganinsa, kuma iyaye za su kawo shawarar tawul da tafasasshen ruwa ko wankan ganye. Fatar da aka ɗaga ba ta jin zafi na watanni, za ta ƙone har ta salluɓe ba ki sani ba, ƙunar mai suga a kan sabon ɗinki kuwa babbar musiba ce. Haka zama kusa da kaskon garwashi ko tsuguno a kan turare. Idan an ba ki izinin wanka, ruwa mai ɗumi kaɗan, a gwada shi da gwiwar hannu, a bushe wurin da tawul mai tsabta ta hanyar dannawa a hankali.

Mataki na takwas: tafiya, kwanciya da salla

Tun ranar farko ko ta biyu za a tashe ki ki taka. Ki daure. Tafiya kaɗan-kaɗan a cikin ɗaki, sau da yawa a yini, ita ce babbar kariya daga daskarewar jini. Mako na farko zuwa na biyu a ɗan duƙe za ki riƙa tafiya, kada ki tilasta miƙewa. Ki kwanta da filo biyu uku a baya, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyi. Wajen tashi ki juya gefe, ki sauko da ƙafafu, ki tura da hannu. Idan tari ko atishawa ya zo, ki rungume filo a ciki. Katifar ƙasa da masai na tsuguno suna wahalarwa, idan su gare ki ki nemi gado mai tsayi da kujerar banɗaki kafin ranar aiki. Zuwa asibiti a nemi mota, a tafi a hankali, girgizar adaidaita sahu ba ta dace da makonnin farko ba.

Salla a zaune kan kujera, da nuni a ruku'u da sujada, addini ya ba da wannan dama ga wanda bai iya tsayuwa ba. Alwala ba ta taɓa ciki, wanke ƙafa ne ke buƙatar sunkuyo, sai a taimaka miki. Abin da ya shafi wankan ibada da bandeji, ki tambayi malami hukuncin shafa da taimama.

Mataki na tara: yara

Wannan ya fi ciwon zafi a zuciya. Mako shida ba ɗaukar abin da ya wuce kamar kilo 5. Yaro ɗan shekara biyu ya kai kilo 12, bokitin ruwa kilo 10 ne ko fiye. Ba goyo, ba ɗaga yaro daga ƙasa, ba daka, ba wanki, ba shara a duƙe. Autana ya yi kuka kwana uku yana miƙo hannu. Abin da ya yi mana magani shi ne in zauna, in ɗora filo a cikina, a ɗauko shi a zaunar a gefena in rungume shi ta kafaɗa. Manyan na gaya musu Umma tana da ciwo a ciki, ba a hawa, kuma idan suka ga ina magana ba daidai ba ko ina gumi su ruga su kira Anti. Ki tsara mai kai su makaranta da Islamiyya da mai girki tun kafin aiki, ki roƙi Abbansu ya ɗauki nasa kason a fili, da sunan aiki da lokacinsa. Allurai da sitirif da magunguna a sa su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Idan ya zama har yanzu kina shayarwa, ki faɗa wa likita don zaɓen magunguna, ki kuma sani shayarwa tana saukar da suga.

Mataki na goma: abin da ba a jira gari ya waye

Sau da yawa suga ne ke fara ba da labarin ciwo ya kamu da cuta, kafin zazzaɓi, kafin ja. Idan lambobi suka hau kwana ɗaya zuwa biyu alhali abinci da allura ba su canja ba, a duba ciwon a ranar. Sauran alamun su ne zafin jiki ya kai 38, ja yana yaɗuwa, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya ko wari, bakin ɗinki ya buɗe, ko fata ta yi baƙi. A garin nan duk zazzaɓi maleriya ne ko taifot a bakin mutane, kada ki yarda a sayo miki magani a kan zato, a je a gwada kuma likita ya ga ciwon da idonsa. Idan kika ji ruwa yana motsi ƙarƙashin fata kamar a leda, ya taru ne, likita zai zuƙe, kada a matsa.

Waɗannan kuwa sashen gaggawa ne kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne: amai da ya hana ki riƙe ruwa, kiton mai yawa a fitsari, numfashi mai zurfi da sauri tare da ƙishirwa da ciwon ciki, kumburin ƙafa ɗaya da ciwo a sha-raɓa, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, jini da ya jiƙa bandeji, ko ciki ya kumbura farat ɗaya ta gefe guda. Ki lura, ciwon cikin da kiton ke kawowa yana iya kama da zafin aiki, mita da sitirif ne za su raba gardama. Ki tafi da littafinki da insulin ɗinki da takardar sallama.

Mataki na ƙarshe: daga mako na uku zuwa gaba

Yayin da jiki ke lafawa kina ƙara motsi, buƙatar insulin tana komawa yadda take ko ƙasa da haka. Idan an ƙara miki a asibiti kika ci gaba da wannan adadin, faɗuwar suga za ta fara yawa. Ki koma wajen likitan suga a mako na biyu ko na uku da littafinki, kada ki jira tsohuwar ranar da aka ba ki. Ciwon mai suga yana iya ɗaukar lokaci fiye da na wasu, idan wani ɗan wuri ya yi jinkirin rufewa a ci gaba da wanki, kada ki gwada kanki da hotunan da kike gani a waya. Kumburi yana ɗaukar watanni, da yamma ya fi fitowa. Tuƙi, komawa aiki, motsa jiki da kwanciyar aure, kowanne ki tambaya a ba ki rana.

Tabo yana shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya kwanta, fatarmu kuma tana da saurin yin tabo mai tudu. Bayan ciwo ya rufe gaba ɗaya likita na iya ba ki man silikon ko filastarsa. Man bilicin kada ya kusanci wurin. Ni sai da na cika wata uku likita ya latsa cikin ko'ina, ya tambaye ni inda nake ji da inda ban ji, sannan ya yarda in dawo da allura gefe da gefe, nesa da tabo da cibiya. Goyo kuwa a mako na takwas ya ba ni izini, ya ce in fara da minti goma a tsakar gida, in ɗaura zanin a ƙirji sama da ɗinki.